Abin da Marubuta Suka Hango Kafin Waya Ta Zo Hannunmu

A watan Nuwamban 1909 wata mujalla a Ingila ta buga gajeren labarin E. M. Forster mai suna The Machine Stops, wato ranar da Na'ura ta tsaya. A lokacin ba a fara watsa shirye-shiryen rediyo ga jama'a ba, domin BBC ma sai a 1922 aka kafa ta, talabijin kuwa ba a ma maganarsa. Amma ga duniyar da mutumin ya zana. 'Yan Adam sun koma zama a ƙarƙashin ƙasa, kowa da ɗakinsa shi kaɗai, ɗaki mai kusurwa shida irin na saƙar zuma. Babu komai a ciki sai kujera da teburin karatu da maɓallai birjik. Ka danna wannan abinci ya zo, ka danna wancan gado ya fito, ga na kiɗa, ga na ruwan wanka. Akwai kuma wani faifai mai haske da ake riƙewa a hannu, yana nuna maka fuskar wanda kake magana da shi ko da yana bangon duniya.

Wata mata mai suna Vashti ce tauraruwar labarin. Ta san mutane dubbai, kullum saƙonni na jiran ta, tana gabatar da lacca ta minti goma kan tarihin kiɗa alhali masu sauraronta kowa na zaune a ɗakinsa. Rannan sai ɗanta Kuno, wanda ke zaune a ɗaya ɓangaren duniya, ya kira ta ya ce yana so ta zo ya gan ta. Abin ya ɗaure mata kai, ta ce ai ga shi suna ganin juna. Ya amsa mata cewa abin da ke cikin faifan kama da ita kawai ya yi, muryar da yake ji ma kama da tata ta yi, shi kuwa mahaifiyarsa yake son gani. Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda ta hau jirgi. A hanya ta zabura don kauce wa hasken rana, ma'aikaciyar jirgin ta riƙe ta don kada ta faɗi, sai Vashti ta fusata, saboda a zamaninsu taɓa jikin wani ya zama rashin ɗa'a. Da jirgin ya bi ta saman duwatsun Himalaya sai ta sa aka rufe mata taga, a ganinta babu wani tunani da mutum zai tsinta a wurin.

A 2020, lokacin kullen korona, mutane da yawa sun koma sun karanta labarin nan suna jinjina wa Forster a kan ya hango kiran bidiyo da sayayya daga ɗaki. Ni a wurina wannan ne mafi ƙanƙantar abin da ya hango. In hasashen na'ura ne ma'auni, marubutan da suka yi alkawarin motoci masu tashi sama da birane a duniyar wata duk sun faɗi jarrabawa. Abin da ya sa labarin Forster bai tsufa ba shi ne ya gane abin da Na'ura ke sayar wa mutane. Tana sayar musu da hulɗa wadda aka cire wa nauyi. Vashti tana son ɗanta, ba a ce ba ta son sa ba. Abin da ta manta shi ne cewa son mutum yana zuwa da bashi: tafiyar kwana biyu, zama da shi ko ba ka da abin faɗa, jin abin da ba ka son ji ba tare da ka sami maɓallin kashewa ba. Bahaushe ya taƙaita wannan tuni da ya ce zumunta a ƙafa take.

Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa a wani gari ya san abin da ake nufi. Ka bar aikinka, ka biya kuɗin mota, ka sha rana, ka isa ka tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ka cire takalmi ka zauna, ka ce ya haƙuri, a ce da godiya, a shafa fatiha. Kalmomin da ka furta ba su fi goma ba, kuma su ne dai waɗanda za ka rubuta a zauren WhatsApp na dangi cikin daƙiƙa biyar. Amma masu makoki sun san bambancin, kuma shekara goma bayan haka za su iya gaya maka wanda ya zo da ƙafarsa. Ƙurar da ke jikin rigarka tana cikin saƙon. Wannan ɓangaren ne na'ura ba ta iya ɗauka, kuma shi ne take yi mana alkawarin hutar da mu daga gare shi.

Akwai wani wuri a labarin da ba a cika ambato ba, alhali ya fi ko'ina kusa da halin da muke ciki. Wani shahararren malami a duniyar Vashti yana gargaɗin ɗalibai su guji ilimin da mutum ya samo da idonsa. A cewarsa ilimi ya fi tsarki in ya bi ta hannu goma, wannan ya ji daga wancan, wancan ya taƙaita na wani, har a tace shi daga duk wani ɗanɗanon mutumin da ya ga abin ya faru. Sannan da Na'ura ta fara lalacewa, a kiɗa aka fara ji: wani nishi marar daɗi ya riƙa kutsowa cikin waƙoƙi. Mutane suka kai ƙara, aka ce za a gyara, ba a gyara ba, a hankali kunnuwansu suka saba har suka ɗauka haka waƙar take. Daga nan 'ya'yan itace suka fara zuwa da funfuna, ruwan wanka ya fara wari, su ma aka saba. Forster ya fahimci cewa jama'a ba sa rasa ɗanɗano rana ɗaya. Ana rage musu ne kaɗan-kaɗan, kuma wanda bai taɓa jin na ainihi ba ba shi da abin da zai kwatanta.

Bayan shekara ɗari tambayar ta canza salo. Kuno da Vashti ko ba komai mutane ne su biyu, Na'ura tsakaninsu kawai ta shiga. Labaran ƙarni na 21 suna tambaya ne a kan ranar da babu kowa a ɗaya ɓangaren. A fim ɗin Her na Spike Jonze, wanda ya fito a 2013 ya kuma ci kyautar Oscar ta rubutun labari, wani mutum mai suna Theodore da aurensa ya mutu ya faɗa son wata murya da ke cikin wayarsa. Muryar tana da fara'a, tana sauraro, ba ta gajiya, ba ta da ranar da ta tashi da ɓacin rai. Abin da ya burge ni a fim ɗin shi ne sana'ar da aka ba Theodore: aikinsa rubuta wa mutane wasiƙun soyayya da na godiya, su sa hannu su aika wa matansu da iyayensu kamar su suka rubuta. Ke nan tun kafin muryar ta zo, mutanen garin sun riga sun ba da kwangilar zuciyarsu. Ranar da Theodore ya tambayi muryar ko tana magana da wasu, ta ce a daidai wannan lokacin tana hira da mutum 8,316, kuma tana son 641 daga cikinsu. Ba ƙarya ta yi masa ba, ba kuma cin amana ba ne a ma'aunin ta. Shi ne ya ɗauka an zaɓe shi. Zaɓi kuwa yana da daraja ne saboda mai zaɓen ya bar wani abu, lokacinsa ƙayyadadde ne, in ya ba ka dare ɗaya ya hana wani. Wanda ba ya rasa komai in ya zauna da kai, zamansa ba ya gaya maka komai game da matsayinka.

A 2013 ɗin dai, shirin talabijin na Birtaniya Black Mirror ya nuna wata mata da saurayinta ya rasu a hatsarin mota, wani kamfani ya tattara duk rubuce-rubucensa na intanet ya gina mata mai kwaikwayonsa. Yana magana irin tasa, yana barkwanci irin nasa, amma ba ya musu, ba ya fushi sai in an umarce shi. Wannan biyayyar ce ta tona masa asiri, domin mamacin mutum ne mai taurin kansa. Ba a daɗe ba labarin ya fito daga allo. A 2015 mota ta kashe wani matashi ɗan kasuwa a Moscow, Roman Mazurenko, sai abokiyarsa Eugenia Kuyda ta tattara dubban saƙonnin da ya bari ta gina manhajar da ke amsa magana da salonsa. Daga wannan gwajin aka haifi Replika a 2017, manhajar da miliyoyin mutane suka sauke don samun abokin hira. A watan Fabrairun 2023 hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa kamfanin birki, kamfanin ya sauya yadda manhajar ke amsa hirar soyayya, sai ga mutane a intanet suna kuka irin na wanda aka yi wa rasuwa. Ba na ganin akwai abin dariya a kukan nan. Kaɗaici ciwo ne, kuma wanda ya sami sauƙi a wurin manhaja ba wawa ba ne. Abin tsoron shi ne abokin da ka buɗe wa cikinka mallakar wani kamfani ne, ana iya canza masa hali a taron shugabanni ba tare da an tuntuɓe ka ba.

Wannan rauni namu ya girmi wayar hannu. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya fito da ELIZA, wata 'yar manhaja da ba ta san komai ba illa ta juya maganarka ta mayar maka da ita a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka gina abin da idonta, ta fara hira da shi sai ta roƙi Weizenbaum ya fita ya ba su wuri. Abin ya girgiza shi har ya shafe sauran rayuwarsa yana gargaɗi a kan wannan fanni. Ɗan Adam yana da ƙishin a saurare shi, kuma ƙishin yana sa ya cika gurbin da babu kowa da tunaninsa.

To amma akwai ƙorafin da ya kamata a saurara, kuma ina ɗaukarsa da muhimmanci. Yawancin labaran nan an rubuta su ne daga ƙasashen da kaɗaici ya zama annoba, inda mutum ke iya mutuwa a ɗaki maƙwabci bai sani ba. Ga ɗan ci-rani da ke Legas ko Agadas ko Jidda, saƙon murya da yake aika wa mahaifiyarsa wadda ba ta karatun boko ƙarin zumunci ne, a da sai ya nemi mai tafiya gida ya ba shi kaset ko wasiƙa. Kuma tsoron sabuwar fasaha tsoho ne. Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya kawo a bakin malaminsa Sukurat cewa rubutu zai kashe hadda, mutane su dogara da alamomi a kan takarda su bar abin da ke ƙirjinsu. An faɗi irin haka a kan injin buga littafi, da rediyo, da talabijin. In kowane zamani ya yi kukan nan kuma duniya ba ta tashi ba, me ya sa za mu saurari na yanzu?

Amsa mafi kyau da na sani tana cikin wani labari na Ted Chiang, marubuci ɗan Amurka, wanda ya fito a 2013, The Truth of Fact, the Truth of Feeling. Rabin labarin a ƙasar Tibi yake faruwa, a nan Najeriya, zamanin mulkin mallaka. Wani yaro mai suna Jijingi ya koyi rubutu a wurin wani ɗan mishan. Sai wata Baturiya mai bincike ta rubuta labarin da babban mai ba da labari na ƙauyensu ya bayar, ta ba yaron kwafi. Da ya karanta abin da ta rubuta sai ya ga gawa: babu muryar, babu motsin hannu, babu jan numfashin da ke sa yara su matso. Da shekara ta zagayo mutumin ya sake ba da labarin, Jijingi ya duba takardarsa ya ce masa ba haka ka faɗa bara ba. Mai labarin ya ce labari ɗaya ne. Su duka biyun gaskiya suka faɗa, sai dai rubutu ya riga ya canza wa yaron ma'anar abu ɗaya. Daga baya rikici ya taso kan wace zuriya ya kamata danginsu su haɗe da ita. Dattijon garin ya kawo salsalar da ta dace da zaman lafiyar jama'arsa, Jijingi kuwa ya je ofishin gwamnati ya tarar da takardar Turawa da ta rubuta abin da dattawan baya suka faɗa, kuma ya saɓa. Ya dawo da takarda a hannu yana ganin ya kawo gaskiya. Dattijon ya nuna masa cewa aikin salsala a wurinsu shi ne riƙe mutane tare, kuma a ƙarshe yaron ya nemi afuwa.

Ɗaya rabin labarin a nan gaba yake faruwa, lokacin da mutane ke ɗaukar bidiyon rayuwarsu gaba ɗaya, wata manhaja kuma tana zaƙulo maka duk lokacin da ka nema. Wani uba ɗan jarida ya shekara da shekaru yana tuna ranar da 'yarsa ta daka masa tsawa ta ce shi ya kori mahaifiyarta daga gidan, yana kuma yaba wa kansa yadda ya yi haƙuri ya gyara tsakaninsu. Da ya buɗe bidiyon sai ya ga daga bakinsa maganar ta fito, shi ya gaya wa yarinyar haka. Zuciyarsa ce ta juya labarin don ya iya zama da kansa.

Chiang bai yanke wa kowane ɓangare hukunci ba, kuma nan ne ƙarfinsa. A ƙasar Tibi rubutu ya zo da asara ta gaske, a gidan ɗan jaridar kuwa na'ura ta zo da adalcin da 'yar ta daɗe tana jira. Abin da ya nuna shi ne Aflatun bai yi kuskure ba: rubutu ya rage hadda, an yi asarar, an kuma sami ribar da ta fi ta. Kowace fasahar magana tana sake ƙera mai amfani da ita, kuma waɗanda aka haifa bayanta ba sa iya ganin abin da ya tafi. Mu da muka tashi a ƙarshen zamanin tatsuniya mun shaida haka. Rediyo da fim sun kawo mana labarai fiye da abin da kowace kaka za ta iya riƙewa, amma kaka tana ganin fuskar jikanta, ta san lokacin da tsoro ya yi yawa ta sassauta, ta san yaron da ya yi ƙarya da rana ta sa Gizo ya yi irin ta da dare. Amfanin ƙagaggen labari a nan shi ne ya rubuta lissafin asarar tun masu tuna ta suna da rai, don a san abin da ake bayarwa kafin a karɓi sabon.

Sai batun fasaha kanta, wato waƙa da rubutu. A littafin 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, gwamnati tana da injinan rubuta littattafai da wani injin da ke tsara waƙoƙi don talakawa, ba hannun mawaƙi a ciki. Amma akwai wurin da jarumin ke leƙawa ta taga ya ga wata ƙatuwar mata tana shanya a tsakar gida tana rera ɗaya daga cikin waƙoƙin nan na banza, kuma yadda take rerawa ya sa shirmen ya zama abin sauraro. Ina yawan tunanin matar nan idan aka fara gardamar ko ƙirƙirarriyar basira za ta iya waƙa. Injin ya harhaɗa kalmomi, ita ta zuba musu shekarunta na wanki da haihuwa. Daɗin da jarumin ya ji daga wurinta ya fito.

Roald Dahl ya kalli abin ta fuskar kasuwa a wani labari da ya fito a 1953. Wani injiniya ya lura cewa nahawu yana bin ƙa'ida kamar lissafi, sai ya ƙera injin da ke fitar da labari cikin ƙanƙanen lokaci. Bai tsaya gasa da marubuta ba. Ya riƙa bin su gida-gida da kwangila: a biya ka har ƙarshen rayuwa, ka daina rubutu, ka ba injin sunanka. Masu matsakaicin hannu su suka fara sa hannu. Labarin ya ƙare da wani marubuci da 'ya'yansa ke kukan yunwa, takardar kwangila na kan teburinsa, yana roƙon Allah Ya ba shi ƙarfin ƙi. Dahl ya gane cewa tambayar ko injin ya kai mutum iyawa ba ita za ta yanke hukunci ba. Ya isa kawai ya fi araha, kuma a sami masu karatun da ba su damu ba.

Shekara saba'in bayan haka abin ya faru kusan yadda ya faɗa. A watan Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka, wadda ta shahara da buga labaran kimiyya, ta rufe karɓar rubutu na wani lokaci, saboda a wannan watan kaɗai an turo mata sama da labarai 500 da manhaja ta rubuta. Editan, Neil Clarke, ya ce masu turowar ba marubuta ba ne, mutane ne da aka koya wa hanyar samun kuɗi cikin sauri. Labaran ba su da kyau, amma yawansu ya binne na sababbin marubuta na gaske, waɗanda ba su da wata ƙofa sai wannan. A watan Satumba na shekarar kamfanin Amazon ya ƙayyade cewa mutum ba zai ɗora sababbin littattafai fiye da uku a rana a shafinsa ba. Marubutan fim na Amurka kuwa sun yi yajin aikin kwana 148, daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba, kuma cikin abin da suka samu har da cewa ba za a ɗauki manhaja a matsayin marubuci ba, ba kuma za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba. A ɗaya gefen, Rie Kudan ta Japan, da ta ci kyautar adabi ta Akutagawa a Janairun 2024, ta fito fili ta ce wajen kashi 5 cikin ɗari na littafinta daga ChatGPT ta ɗauko. A cikin littafin akwai wata manhaja da ke magana, ita kuma ta bar manhaja ta gaske ta yi wannan maganar. Ban ga laifinta ba. Ita ta zaɓi inda za ta sa, ita ta san dalili, kuma ita za a tuhuma in littafin ya yi ƙarya. Wannan ɗaukar alhakin shi ne abin da mai karatu ke nema a bayan shafi, ko ya sani ko bai sani ba.

Adabinmu ma yana da abin cewa a nan, kuma tun 1937 ya faɗa. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai ba da labarin ba mutum ba ne, aku ne. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri na ƙulla makircin fitar da yaron don a hallaka shi. Kullum dare Musa ya shirya zai fita, akun ya tare shi da labari, wannan ya ƙare ya jawo wani, har gari ya waye. Dabarar da akun ya yi ita ce dai dabarar da manhajojin yau ke yi: kada ka bar shi ya tashi, sa masa wani kafin wannan ya huce. Bambancin yana wurin wanda ake yi wa aiki. Akun yana riƙe Musa don ya tsira da ransa, ya ɗauki amana daga uban yaron, kuma in ya gaza wuyansa ne a kan gaba. Da hatsarin ya wuce, ya sake shi. Manhajar da ke jera maka bidiyo har asuba tana riƙe ka ne don mai talla, ba ta da ranar da za ta ce ya isa, je ka kwanta. Saboda haka idan aka kawo mana sabon mai ba da labari, kafin mu tambayi ko ya iya, mu tambayi wa ya aiko shi, me kuma zai rasa in ya cuce mu.

Marubutan Hausa ba baƙi ba ne a labarin kimiyya. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Kuma yau marubutanmu, musamman mata, suna zaune a tsakiyar wannan sauyin. Marubuciya tana sakin shafi kullum dare a WhatsApp, ta ba da na farko kyauta, mai son ci gaba ta tura 'yan ɗaruruwan naira da shaidar biya a saka ta a zauren masu kuɗi. In shafi ya yi latti masu karatu su yi ta cigiya, in ta ce ɗanta ba lafiya su yi mata addu'a, in ta kashe jarumar da suke so su yi mata ca har wani lokaci ta sauya akalar labarin. Wannan ya fi kusa da dandalin tatsuniya fiye da littafin da ake saya a kasuwa, kuma waya ce ta dawo da shi. Amma a zauren nan ne kuma ake kwafe littafin a watsa kyauta, ko a karanta shi da murya a ɗora a YouTube ba da izininta ba. Nan gaba kaɗan za ta yi gasa da wanda ke iya fitar da shafi hamsin a dare ɗaya ba tare da ya rubuta ko ɗaya ba.

Labaran da za su yi mana bayanin wannan ba za su zo daga Landan ko Los Angeles ba, saboda tambayoyinmu daban ne. Ɗauki waƙar baka. Mamman Shata ya rasu a 1999, ya bar sa'o'i masu yawa na muryarsa a faifai da kaset, kuma fasahar kwaikwayon murya ta riga ta kai inda za a iya sa mamaci ya rera abin da bai taɓa rerawa ba. A ce wani ɗan siyasa ya biya a yi masa waƙa da muryar Shata, da kalangu da 'yan amshi da komai. Waƙar yabo a wurinmu shaida ce: mawaƙi ya je gidan mutum, ya ci abincinsa, ya ga kyautarsa ko rowarsa, ya sa sunansa a kan abin da ya faɗa, kuma yana iya juyawa ya yi zambo in an saɓa masa. Yabon da mamaci bai yarda da shi ba, wa ya yi shaidar? Wa za a ba kyautar, iyalansa ko mai kwamfuta? Ɗan da ya ji muryar ubansa tana wasa mutumin da uban bai taɓa gani ba, kotu zai je ko wurin malamai? Akwai littafi guda cur a cikin wannan, kuma marubucin da ya san yadda ake zama a gaban makaɗa ana liƙi shi ne zai iya rubuta shi.